Jinjina ga Gwanayen Tara Gajiya

Duk shekara ana raba lambobin yabo a ƙasar nan. Ana ba 'yan siyasa, ana ba attajirai, ana ba 'yan fim da mawaƙa, har wanda ya haƙa rijiyar burtsatse ƙwaya ɗaya sai an kafa rumfuna an rataya masa tasa. Amma akwai wasu bayin Allah da aka yi watsi da su, alhali babu wanda ya kai su naci a kan abin da suka sa gaba. Su ne masu kwana a gajiye, su tashi a gajiye, su yini suna hamma, kuma ba dakon buhuna suke yi a kasuwar Dawanau ba, ba kuma dutse suke fasawa ba. Da kuɗinsu da lokacinsu da basirarsu suka tara gajiyar nan, babu tallafin gwamnati ko na wata ƙungiya. Tun da hukuma ta ƙi yaba musu, ni zan yaba.

Kada wani ya ɗauka aikin wasa ne. Jikin ɗan Adam taurin kai gare shi. Da ka ba shi barci da ruwa da abincin kirki, ka ɗan motsa shi, sai ya dage lallai sai ya yi ƙarfi. Kafin a lanƙwasa shi ya zama kullum a saɓule, sai an shekara da shekaru ana fama ba fashi, ba Juma'a ba Lahadi. Gwanin namu ya yi wannan faman, kuma ya ci nasara.

Babban fagen da ya fi nuna bajinta shi ne dare. Likitoci suna cewa baligi na bukatar barcin awa 7 zuwa 9. To, wannan lissafin ragwaye ne, marasa abin yi. Shi gwanin namu da an sallame sallar isha'i ranarsa ta fara. Zai nufi majalisa, inda aka riga aka ɗora butar shayi a kan gawayi. Za a sha na farko mai ɗaci, a sha na biyu, a sha na uku mai zaƙi kamar yadda ake yi a fadojin samari daga Zinder har Kano. In ranar ƙwallon Turai ce, ƙarfe takwas ko tara za a take wasa, a tashi wajen sha ɗaya, sannan a zauna a yi wa kocin da ke Ingila gyaran kuskurensa, don ba shi da masu ba shi shawara sai su. A hanyar gida a ratsa wurin mai shayi, a sa ya soya indomi biyu da ƙwai uku, a danna a ciki, a shiga ɗaki.

Wani zai zaci nan za a kwanta. Ina! Yanzu ne garaɓasar datar dare ta buɗe, kuma asara ce babba mutum ya bar data mai araha ta wuce shi saboda wani abu wai shi barci. Ga TikTok na jira, ga Facebook, ga wani a zauren WhatsApp ya faɗi maganar banza a kan zaɓen da ba a ko buga gangarsa ba. Wa zai mayar masa da martani in gwanin namu ya yi barci? Ƙwaƙwalwa tana da wani sinadari, melatonin, da take saki idan duhu ya yi don ta shaida wa jiki lokacin kwanciya ya zo. Haske a ido yana jinkirta sakinsa, musu da ɓacin rai kuma suna ƙara korar barcin. Gwanin namu ya haɗa biyun a tafin hannunsa, ya kafa su ɗan taƙi kaɗan daga hancinsa. Sai wajen ƙarfe biyu wayar za ta suɓuce ta faɗo masa a fuska, wannan ce alamar an tashi daga aiki. Ƙarfe biyar ladan ya kira. Awa uku ke nan, kuma a haka ake so a ce mutumin nan bai cancanci lambar girma ba?

Kakanninmu, Allah ya ji ƙansu, ba su waye ba. Da an yi isha'i sai kowa ya ja ƙyaurensa. Malamai sun karantar da su cewa hira bayan isha'i ba tare da wata bukata ba abin ƙi ce, da rana kuma suna ɗan yin ƙailula. Shi ya sa tsoho mai shekara saba'in yake saɓa fartanya ya tafi gona da ƙafa. Abin tausayi, har suka bar duniya ba su san wanda ya ci kofin zakarun Turai ba.

Sai maganar kafeyin da ke cikin shayin, amininsa na ƙut da ƙut. Tun da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, yawansa ne ke sa a ji barci. Kafeyin ba ya kwashe shi, wurin zamansa kawai yake tarewa, adinosin ɗin kuwa yana nan yana ƙaruwa, yana jiran a tashi a ba shi wuri. Kuma kafeyin ba baƙo ba ne mai saurin sallama: bayan kamar awa biyar rabinsa na nan a jini. Wato shayin da aka sha ƙarfe goma na dare, rabin ƙarfinsa na nan daram ƙarfe uku. Ko an samu barcin ya zo, sama-sama ne. Da safe a tashi jiki ba ƙwari, sai a nemi Nescafé, ko goro, ko ɗan gwangwanin nan na lemon ƙara kuzari da samari ke yayi. Da dare a kasa barci, da safe a ƙara wani. Wace dabara ce ta fi wannan? Mutum ya ƙirƙiro ciwo da maganinsa daga kofi ɗaya, kullum kuma yana cikin ciniki da kansa.

A wajen ci ma ba a bar shi a baya ba. Koko da ƙosai, ɗumamen tuwo, fura da nono, waɗannan na mutanen karkara ne. Shi ko dai ya fita da cikinsa wayam, ko ya tsoma farin burodi a shayin da cokali ke iya tsayawa a cikinsa don sukari. Hantsi na yi ya ɗaga lemon kwalba mai sanyi. Kwalba ɗaya ta rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kimanin ƙaramin cokali goma sha biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya kamata baligi ya tsaya a kai a yini ɗungurungum ke nan, in ma da hali ya tsaya a rabinsa. Gwanin namu yana cika mudun yini kafin azahar, sauran kuma nafila ce. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, wai ko a rage sha. Naira goma! Sun raina jarumtar mutumin nan. Da rana a kawo masa tulin farar shinkafa da mai da yaji, ko malmalar tuwo uku da miyar da sai an sa tabarau kafin a ga ganye a cikinta. Ya tashi da su tas, ya kora da wani lemon. Ƙarfe uku sai ka same shi a shago ko a ofis yana gyangyaɗi, kai na sarawa kamar mai amsa gaisuwa. Masu hassada su ce barci yake yi. Ba su san tunanin makomar ƙasa yake yi ba.

Ruwa kuwa ba su cika shiri ba. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, gumi na tsiyaya, shi sai ya yini bai sha ledar ruwa biyu ba. Ƙarancin ruwa kaɗan ya isa ya sa ciwon kai da kasala da rashin natsuwa. Fitsarinsa ya yi ja, ya duba ya kaɗa kai, ya ce shawara ce ta motsa.

Wajen tattalin ƙafa kuwa ba shi da na biyu. Masallacin unguwa da ake jin tarin liman daga ƙofar gidansa, a kan babur yake zuwa. Katin waya a aiki yaro, ruwan alwala a aiki yaro, abin canza tashar talabijin da ke gefensa ma a ƙwala wa yaro kira. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, ko da tafiya ce da ɗan sauri, wato kamar rabin awa sau biyar. Amma ina mutuncin magidanci in aka gan shi yana taka ƙasa? Sai a ce karayar arziki ta same shi. Tsokar da ba a aiki da ita raguwa take yi, zuciya da huhu su saba da zaman kashe wando, har hawa bene ɗaya ya zama sai an tsaya an yi haki. A madadin haka ga tumbi ya fito, shaidar cewa Allah ya buɗa. Da tumbin da kaurin wuyan sai minshari ya samu gindin zama, irin wanda maƙwabta ke ji ta katanga. A wasu mutanen, maƙogwaro ne ke rufewa cikin barci, numfashi ya ɗauke na daƙiƙoƙi, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe su ba su sani ba, a yi haka sau da dama kafin gari ya waye. Mai wannan lalura ko ya yi awa tara a kwance a gajiye zai tashi, kuma tana tafe da hawan jini. Uwargida ta sha gaya masa cewa numfashinsa na tsayawa da dare. Ya ce mata barcin manya ke nan.

Duk wannan share fage ne. Inda gwanintar take shi ne ranar da gajiyar ta kai masa iya wuya. Ƙaramin mutum sai ya ce bari ya kwanta da wuri na mako guda ya gani, ko ya je a duba shi. Gwanin namu kemis yake nufa, ya jingina da kanta, ya ce, “Ɗan'uwa, haɗa mini na gajiya.” Allah ya saka wa mai kemis da alheri, bai taɓa ɓata wa kowa lokaci da tambaya ba. Ba ruwansa da shekarunka, ko kana da gyambon ciki, ko hawan jini. Zai ɓalle ja, ya ɓalle fari, ya ɓalle ruwan ɗorawa, ya ƙulle a 'yar leda ba suna ba takarda, ya ce a watsa gaba ɗaya. Likita sai ya shekara shida a jami'a, ya ƙara da horo, sannan ya ce sai ya ga sakamakon gwaji. Wannan bawan Allah kuwa a minti ɗaya ya gama. Wa ya fi wani ilimi?

Abin da ke cikin irin wannan ƙulli ba ɓoyayye ba ne. Akan samu farasitamol, a samu masu kashe ciwo irin su diklofenak da ibufurofen, wani lokaci biyun a tare, a samu dangin sitiroyid kamar dekzametazon, wani ma ya jefa tiramadol don haɗin nasa ya yi suna. Kuma yana aiki, wannan ba a musu. Cikin awa ɗaya jiki ya saki, gaɓoɓi su yi shiru. Irin aikin direban da fitilar gargaɗi ta kama a gaban motarsa ne, ya samo sitika mai addu'a ya liƙe ta, ya ci gaba da taka mai hankalinsa kwance. Diklofenak da 'yan'uwansa in an daɗe ana sha suna cin bangon ciki har ya riƙa zubar da jini a ɓoye, suna kuma taɓa ƙoda, balle ga wanda ba ya shan ruwa. Ƙoda kuwa ita ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini. In ta raunana jini ya ragu, in jini ya ragu gajiya ta ƙaru, in gajiya ta ƙaru a koma kemis. Ka ga ciniki mai albarka, wanda ba a rasa mai saye. Shi kuma dekzametazon yana ɗaga sukarin jini da hawan jini, ya kumbura fuska, har 'yan'uwa su riƙa cewa, “Kai, Alhaji, ka murmure!” Ranar da aka daina shi kwatsam bayan an daɗe ana sha, jiki ya zube, don ya riga ya daina ƙera nasa.

A nan dole in sassauta murya saboda wasu. Ɗan dako da lebura da mai tura kurar ruwa da manomin da ya yini a duƙe, tasu gajiyar ta gaskiya ce, ba su saye ta ba, talauci ne ya ɗora musu. Su ne kuma aka fi yi wa tallan tiramadol, har mai miligiram 225 da doka ba ta yarda da shi ba, don su yi aikin mutum uku a karɓi ladan mutum ɗaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba cikin shekara guda. Waɗannan ba su cikin masu karɓar lambar yau. Tasu lambar sai a miƙa wa masu sayar musu, da masu ɗaukarsu aiki suna saya musu.

In haɗin kemis ya gaza, gwanin namu bai rasa mafita ba, don shi likitan kansa ne. Zai ce maleriya ce da taifot, tagwayen da ba sa rabuwa a bakinmu. Gaskiya ne wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, to me zai sa a tsaya gwaji? In ma an yi, a yi gwajin Widal, wanda masana suka daɗe suna cewa shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot a ƙasar da kusan kowa ya taɓa cuɗanya da ƙwayar cutar. A sha maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana uku a watsar. Sannan a kira wani yaro mai aiki a asibiti ya zo gida ya rataya ƙarin ruwa a ƙusar bango, a zuba masa allurar da za ta mai da shi ruwan ɗorawa don a san an kashe kuɗi. Ledar rabin lita ta ruwan sukarin da aka fi sawa giram 25 na sukari ke cikinta, rabin abin da ke cikin lemon da ya sha da hantsi. Amma lemo ba ya sa 'yan dubiya su zo. In duk wannan bai yi ba, ga mai mota da lasifika a bakin kasuwa, jarka ɗaya tana maganin basir da sanyi da dattin ciki da raunin mazakuta. In ita ma ta gaza, to magana ta fito: jifa ne, kuma an san ko waye.

Dubi dai abin da mutumin nan ya tsallake da ƙarfin hali. Gajiyar da ta wuce makonni ba ta tafiya ko an huta tana iya zama sallamar ciwon suga, musamman in tana tafe da ƙishirwa da yawan fitsarin dare. Tana iya zama ƙarancin jini, ko ciwon ƙoda, ko ciwon hanta, ko raunin zuciya, ko matsalar ƙullin wuyan nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo. In da tarin da ya haura mako biyu da gumin dare da rama, tarin fuka ne abin zargi, gwajinsa da maganinsa kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Tana iya zama ciwon damuwa, wanda mu a nan muka yanke hukuncin cewa na Turawa ne. Gwajin sukarin jini ɗigo ɗaya ake ɗauka a ɗan yatsa, kafin ka gama gyara hula sakamako ya fito. Awon hawan jini ko allura babu. Gwanin namu ya fi ƙarfin wannan duka. Hujjarsa kuma ba ta da makusa: in ka je asibiti sai sun gano maka wani abu. Wanda bai je ba kuwa lafiyarsa ƙalau har ranar da za a ɗauke shi ranga-ranga.

Ban yi masa adalci ba in na rufe ban yabi iliminsa a kan gajiyar iyalinsa ba. Tasa gajiyar ciwo ce mai bukatar haɗi da ƙarin ruwa da 'yan dubiya. Ta matarsa kuwa sunanta son jiki. Ita ce ta farko a tashi, ita ce ta ƙarshe a kwanciya, ga goyo ga ciki, ga wanki ga girki, ta ce jiri take ji in ta miƙe, ya ce matan zamani ba su da ƙwari, tsohuwarsa ta haifi goma tana surfe. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Fiye da rabi ke nan. Dalilan sanannu ne: jinin al'ada, haihuwa kusa da kusa, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, da abincin da ba shi da sinadarin ƙarfe. Hanta da nama da wake da ganye irin su zogale da alayyafo suna taimakawa, ɗan lemon tsami ko tumatir yana sa jiki ya fi ɗauka, shayi a kan abinci kuma yana hana shi. Maigida ya san muhimmancin nama sarai, shi ya sa yake tsayawa wurin mai tsire ya ci nasa a can, ya goge baki kafin ya shigo, don kada ya tayar wa yara da hankali. Awon ciki, inda ake duba jininta a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ya ce ɓata kuɗin mota ne. Ranar da ta faɗi a tsakar gida sai ya nuna shi namiji ne: ya aiko da maltina biyu da gwangwanin madara, ya ce a haɗa mata, jini zai dawo.

Don haka, gwanayenmu, sannunku da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Kada ku saurari masu cewa ku ajiye waya ƙarfe goma, ku bar shayi bayan la'asar, ku sha ruwa, ku taka zuwa masallaci, ku je a auna jininku da na matanku. 'Yan baƙin ciki ne, so suke su ga kuna tashi garau kamar wasu ƙauyawa. Ku riƙe majalisa, ku riƙe lemo, ku riƙe mai kemis hannu bibbiyu. In hutu kuke nema, yana nan tafe, an ma tanadi gadaje dominsa a sashen wankin ƙoda na manyan asibitocinmu: awa huɗu a kwance, sau uku a mako, kuma kowane zama da kuɗinsa.